Shirun Yaro Ba Waraka Ba Ne

A watan Satumba na shekarar 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a unguwar Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutane fiye da 300, manya da yara, da yawa daga cikinsu da mari a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. Wata bai zagayo ba aka fasa irinsa a Daura, daga nan kuma aka shiga rufe gidajen mari a wasu garuruwan Arewa. Iyaye ne da kansu suka kai yawancin waɗannan yara, wani saboda shan ƙwaya, wani saboda kangara, wani kuwa saboda taɓin hankali na sosai da aka rasa inda za a nufa da shi. Kowa ya yi Allah wadai, manyan ƙasa suka yi jawabi, jaridu suka buga hotuna. Maganar da ta fi yawa a bakin 'yan boko a lokacin ita ce, ai irin waɗannan asibiti ya kamata a kai su. Mu ma mun yarda. Amma tun daga ran nan har yau ba mu ji an tsaya an yi tambaya ta biyu ba, watau wane asibiti, wane ɗaki a cikin asibitin, kuma wa zai leƙa ya gani ko abin da ake yi wa yaron a can ya amfane shi.

Tambayar ba ta neman rigima ba ce kawai. A watan Nuwamba na wannan shekara ta 2019 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da sakamakon zagayen da ta yi a wurare 28 da ake ajiye masu taɓin hankali a Nijeriya, na masu maganin gargajiya da na masu addini, Musulmi da Kirista, har da na hukuma. A mafi yawansu ta tarar da mutane a ɗaure da sarƙa, ƙaramin cikinsu yaro ne ɗan shekara 10. Ashe ke nan allon da aka kafa a bakin ƙofa bai isa shaida ba. Idan aka kwance yaro daga hannun mai mari aka miƙa shi inda ba wanda ke bin sawunsa, ana iya yin gudun gara a faɗa gidan zago.

To, da me ake auna ɗakin kwantar da masu taɓin hankali a ƙasar nan? Duk wanda ya taɓa sauraron jawabin buɗe sabon gini ya san amsa. Ana ƙidaya gadaje, ana ƙidaya waɗanda aka kwantar da waɗanda aka sallama, a faɗi miliyoyin da aka kashe, a yanke kyalle, a tafa. Idan babban baƙo ya zo zagaye ya tarar da ɗaki tsit, kowa kwance a gadonsa, sai ya yaba wa ma'aikata ya sa hannu a littafin baƙi. Wannan ma'auni na gandiroba ne, kuma mun san inda muka gaje shi. Gidajen mahaukata na farko da Turawan mulkin mallaka suka buɗe, na Kalaba da na Yaba a farkon ƙarni na 20, an yi su ne don a kawar da masu damun gari daga kan hanya. A nan Arewa kuwa sau da yawa kurkukun En'e ne masaukin mahaukaci. Dokar da suka kafa a 1916, wadda aka sake wa riga a 1958, maganar tsarewa ta fi yawa a cikinta, kuma ita ce ta ci gaba da mulkin wannan fanni har watan Janairu na 2023, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa. Shekara 62 da 'yan watanni bayan samun mulkin kai! Doka ta sauya a takarda, amma idon da ya saba ganin shiru ya kira shi lafiya bai sauya ba tukuna.

Ga babba ma wannan ma'auni zalunci ne, balle ga yaro. Babba idan ya warke yana komawa ne ga abin da ya riga ya mallaka, gonarsa ko sana'arsa ko iyalinsa. Yaro kuwa yana cikin ginuwa ne, kowane wata da ya yi a gadon asibiti an cire shi daga aji, daga abokan wasa, daga koyon yadda ake zama da mutane. Yarinyar da ta rasa zangon karatu biyu tana aji biyar na sakandare ba lalle ta koma ba; mun san abin da ke biyo baya a gidajenmu, ko a ce ta zauna a gida haka nan, ko a nemi wanda za a ba shi ita ba tare da an gaya masa komai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin cututtukan ƙwaƙwalwa suna farawa ne kafin mutum ya wuce shekara 14, kuma ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wani nau'insu. Ƙasarmu kuwa tana da mutum fiye da miliyan 200, kusan rabinsu ba su kai shekara 18 ba, alhali likitocin ƙwaƙwalwa da ke aiki a cikinta, bisa ga abin da ƙungiyarsu ta sha faɗa a shekarun nan, ba su kai 300 ba. Waɗanda suka ƙware a kan yara daga cikinsu ƙalilan ne ƙwarai.

Ba mu ce ba a yi komai ba. Asibitin Yaba ya buɗe cibiyar yara da matasa a 1999. A Jami'ar Ibadan Farfesa Olayinka Omigbodun ta jagoranci kafa cibiyar horar da ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwar yara, wadda ɗalibai daga ƙasashen Afirka da dama suka yi karatu a cikinta. A Arewa muna da manyan asibitoci a Barnawa ta Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, ga kuma sassan ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa. Amma gadajen da aka keɓe wa yara zalla a duk faɗin ƙasar ba su taka kara sun karya ba, don haka abin da ya fi faruwa shi ne, idan ciwon saurayi ɗan shekara 14 ya yi tsanani har ya wajaba a kwantar da shi, gadon da za a samu a ɗakin manya yake.

Mu ɗan tsaya a nan, ya 'yan'uwa ɗalibai, domin wurin nan ne ake saurin wucewa. A ɗakin maza manya akwai dattijon da ya yi shekaru yana shiga yana fita, akwai magidancin da ciwonsa ya tashi yana jin ƙarfin mutum goma, akwai wanda ya daɗe a harkar ƙwaya ya san sunan kowace da inda ake sayar da ita. Ba mu ce mugayen mutane ba ne, marasa lafiya ne su ma. Amma wane uba ne cikin hankalinsa zai kai ɗansa ɗan shekara 14 ya kwana tsakanin baƙin maza 30, da ma'aikacin jinya ɗaya ko biyu a kan aikin dare? Idan aka ci zarafinsa wa zai gaya wa? In ma ya faɗa, wa zai gaskata yaron da katinsa ya riga ya ce yana jin muryoyi? Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1991, ta ce a sashe na 37 a raba yaron da aka tsare da manya, sai fa idan maslahar yaron ce ta hana. A sashe na 25 ta ce duk yaron da hukuma ta ajiye a wani wuri domin magani yana da haƙƙin a riƙa sake duba maganin da halin da yake ciki lokaci lokaci. Ingila ma, da duk dukiyarta, sai a 2010 ta fara aiki da dokar da ta wajabta wa asibitoci su samar wa 'yan ƙasa da shekara 18 ɗakin da ya dace da shekarunsu, kuma har bayan nan akan karya ta. Bambancin shi ne a can idan an karya ana rubutawa, a kai rahoto, a ƙidaya. Mu a nan wace ma'aikata ce za ta iya tashi gobe ta gaya wa majalisa yara nawa suka kwana a ɗakin manya a shekarar da ta wuce?

Sa'an nan ga maganar allura. Magungunan da suka fi araha, kuma suka fi samuwa a asibitocinmu, su ne tsofaffin nan irin su chlorpromazine, wanda jama'a suka fi sani da Largactil, da haloperidol. Magunguna ne masu amfani, sun fitar da mutane da yawa daga sarƙa tun shekarun 1950, kuma duk mai cewa a daina ba da su gaba ɗaya bai taɓa ganin yaron da ciwo ya hana shi barci kwana biyar ba. Amma suna da illa, kuma illar ta fi saurin kama samari: wuya ya murɗe, ido ya kafe sama, harshe ya yi nauyi, miyau ya riƙa zuba, hannu ya kama rawa, tafiya ta koma ta sanda. Sababbin kuma, irin su olanzapine, suna sa matashi ya yi ƙiba mai yawa cikin 'yan watanni, wadda kan buɗe ƙofar ciwon sukari. Likitan kirki ya san duk wannan, yana farawa da kaɗan, yana auna nauyi, yana ragewa da zarar an samu sauƙi. Amma a ɗakin da ma'aikaci ɗaya ke tsaron mutum 30, allura ita ce ƙarin ma'aikaci. Yaro ya yi hayaniya, a ƙara masa; ya yi laushi, a rubuta cewa ya samu sauƙi. Iyaye su zo su gan shi zaune shiru, ba zagi ba duka, su ce alhamdu lillahi. Ba wanda ya tambaye shi ko yana iya karanta shafi ɗaya na littafinsa ya tuna abin da ya karanta.

Wannan son shiru yana yin wata ɓarnar tun kafin a iso ƙofar asibiti. Yaron da ke fasa kaya shi ake ɗauka da gaggawa, domin ya hana gida sakat. Yarinyar da baƙin ciki mai tsanani ya kama, ta daina cin abinci, ta daina magana, ta shige ɗaki, sai a ce ta yi hankali, ko a ce kunya ce ta budurci, alhali tana iya zama ita ce mafi kusa da hallaka kanta. Haka kuma ba duk mai sambatu ne mahaukaci ba. Zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, da taifot, da sanƙarau, da wasu nau'o'in farfaɗiya da ba sa kayar da mutum ƙasa, duk suna iya rikita yaro. Wanda aka yi wa fyaɗe ko ya ga an kashe iyayensa, kamar dubban yaran Barno da Zamfara, yana iya firgita da mafarkai da fushin da za a ɗauka hauka ne. Ɗakin da ba ya auna zafin jiki da jini da kyau, ba ya kuma zaunar da yaro shi kaɗai ya ji ta bakinsa, zai kwantar da duk waɗannan da allura iri ɗaya, kuma dukansu za su yi shiru.

Za a ce mana auna irin wannan aiki abu ne mai wuya, sai ƙasashe masu kuɗi. Ba haka ba ne. Tun 1983 likitoci a Amurka suka fito da wani ma'auni da ake kira CGAS, wanda ke ba yaro maki daga 1 zuwa 100 gwargwadon yadda yake tafiyar da rayuwarsa a gida da makaranta da cikin abokai. A ƙarshen shekarun 1990 aka fito da HoNOSCA a Ingila, mai manyan tambayoyi 13, kowace ana ba ta maki daga 0 zuwa 4, kuma cikinsu akwai zuwa makaranta, da zaman gida, da hulɗa da tsara, da kula da kai. Ana cika shi ranar kwantarwa, a sake ranar sallama, a sake bayan 'yan watanni. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta fitar da kundin QualityRights a 2012 domin duba yadda ake mutunta majinyata a irin waɗannan wurare, kyauta ne ga mai so. Kayan aikin duka takarda ne da biro da mintoci kaɗan. Gwamnatin da ke iya sayen motocin rakiya ba za ta ce takarda ta gagare ta ba.

Za a kuma ce, ku ɗalibai me kuka sani, ku bar likitoci su yi aikinsu. Ai likitocin muke karewa. Mun ga malamanmu na sashen, mun san yadda mutum ɗaya ke ganin majinyata masu yawan gaske a yini guda, abokan karatunsa sun tafi Ingila da Kanada da Saudiyya, shi ya zauna. Irin wannan likita ba abin da zai ƙarfafa masa gwiwa a gaban masu rabon kasafi kamar lissafi a rubuce: ga yawan daren da ma'aikaci ɗaya ya kwana shi kaɗai, ga yawan lokutan da aka ɗaure majinyaci a waɗannan darare, ga yadda abin ya ragu da aka ƙara mutum biyu. Wanda lissafi ke tsoratarwa shi ne wanda ya karɓi kuɗin ginin ɗakin yara ya gina ofis. Amma fa mai aiki ba ya zama alƙalin aikinsa. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Ingila ta gane haka, shi ya sa tun 2001 ta kafa tsarin da ma'aikatan wani ɗakin yara ke zuwa duba na wasu, suna tafiya da matasan da suka taɓa kwanciya da iyayensu. Sabuwar dokarmu ta tanadi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, da asusu, da kwamitin da zai saurari koke a kan tsare majinyata. Madalla. Muna so mu ga kwamitin nan ya shiga ɗaki da tsakar dare ba tare da an aika wasiƙar sanarwa ba, ya kuma buga abin da ya gani kowace shekara, ba sunan yaro ko ɗaya, domin sutura haƙƙin majinyaci ce. Ba a yi ta don a rufa wa hukuma asiri ba.

Masu cewa duk wannan bin Turawa ne kuwa, su koma tarihi. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta, inda majinyaci ke sauka a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye tare da wani ɗan'uwansa, ya zo asibiti da rana ya karɓi magani, ya koma cikin jama'a da yamma. Duniya ta zo ta koya, shi kuma daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. A daidai wannan lokaci asibitocin Ingila suna hana iyaye ganin 'ya'yansu sai a ƙayyadaddun sa'o'i, sai da wani kwamiti ya yi rahoto a 1959 kafin aka fara sassautawa. Mu kuwa mai jinya abu ne da muka tashi da shi, ba Bahaushen da zai bar ɗansa a gadon asibiti ya tafi gida ya yi barci. Don haka ɗakin yara da ba shi da wurin shimfiɗar uwa ko goggo, ko wanda ke ɗaukar iyaye a matsayin masu sayen magani kawai, ba a zaunar da su a koya musu alamun dawowar ciwo da illar ƙwaya, ya yar da abu mafi ƙarfi da muke da shi. Sai dai a nan ma a buɗe ido, domin wani lokaci wanda ya rako yaron shi ne sanadin ciwonsa.

Babbar jarrabawar ɗakin kwanciya tana zuwa ne bayan an sallami yaro. Binciken likitoci a ƙasashe da dama ya nuna cewa makonnin farko bayan sallama suna cikin lokutan da haɗarin kashe kai ya fi yawa. A nan kuwa sallama takarda ce da ranar dawowa. Uban da ya zo daga ƙauye mai nisan kilomita 200, ya sayar da akuya ya biya kuɗin gado, ba lalle ya iya dawowa bayan mako biyu ba. Magani ya ƙare, ciwo ya dawo, maƙwabta su ce ai mun gaya maka na asibiti ba ya jin wannan, a nufi gidan mari da yaron. A littafin asibiti kuwa yana nan a jerin waɗanda aka sallama da sauƙi, ya shiga lissafin nasara. Alhali kusan kowane gida yanzu akwai wayar hannu a ciki ko a maƙwabta, kuma tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP domin koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci ci gaba da kula da irin waɗannan majinyata kusa da gidajensu. Ɗakin da bai san inda yaransa suke ba bayan wata shida ba shi da bakin cewa ya warkar da kowa.

Ku kuma 'yan'uwanmu da kuka riga mu fita, kuna zaune a teburan Ma'aikatar Lafiya da ta Ilmi da ta Mata a Kaduna da Kano da Sakkwato da Abuja, ba ku ne ke sa hannu a kasafi ba, mun sani. Amma ku ne ke zana fom ɗin da asibitoci ke cikewa kowane wata, ku ne ke rubuta daftarin jawabin da Kwamishina zai karanta. A fom na gaba ku ƙara gurbin shekarun majinyaci da ɗakin da ya kwana, da gurbin sau nawa aka ɗaure shi ko aka kulle shi shi kaɗai, na tsawon awa nawa, da izinin wa, da gurbin da zai nuna ko ya koma makaranta bayan wata shida. Mu a namu ɓangaren muna kira ga Majalisar Ɗalibai, a zamanta na farko a zango mai zuwa, ta rubuta wa shugabannin asibitin koyarwarmu ta nemi adadin 'yan ƙasa da shekara 18 da aka kwantar a sashen ƙwaƙwalwa a shekarar da ta wuce da ɗakunan da aka sa su, ta kuma nemi izinin ɗaliban Tsangayar Ilmi su riƙa shiga sau uku a mako suna yi wa waɗanda likita ya amince darasin lissafi da Turanci. Duk amsar da aka ba mu, ko aka hana mu, za mu kawo ta wannan mujalla a fitowa ta gaba.